Shekarar da Aka Haifi Dakta Isyaku

Daga Ƙofa har Doguwa ba a yi ma'ajin takarda kamar Malam Isyaku ba. Shekara ashirin da bakwai yana akawun rajista a sakatariyar wata ƙaramar hukuma, ko takardar ƙunshin ƙosai ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Mai wannan rubutu ya san shi ciki da bai, domin hula ɗaya suke sawa.

In ka kawo masa fayil, sai ya gyara zaman tabarau, ya dube ka ta samansa. “Kwanan wata shi ne ginshiƙin gwamnati,” in ji shi. Sau uku ya mayar da wani tsohon malamin makaranta garinsu Dangora, saboda takardunsa biyu sun saɓa da kwana ɗaya.

To, bara aka ce kujerar shugaban sashe za ta zama ba kowa, kuma ba mai hawanta sai mai digiri na biyu, ko wanda ya kama hanyarsa. Malam Isyaku ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya sayi kundi, ya ja masa layi da rula: ranar karatu, sa'ar farawa, sa'ar tashi, dalilin tashi. Jan layin kaɗai ya ci mako biyu. Ya liƙa takarda a ƙofar ofis: ANA NAZARI. Abokan aiki suka laƙaba masa Dakta.

“Ku bari, ku bari, mastas ce tukuna,” yake cewa. Amma in ka kira shi Malam, sai ka kira sau biyu.

Allah da ikonsa, ya ci jarrabawar shiga, da ƙyar da jiɓin goshi. Saura tantance takardu. Ranar Talata, ƙarfe goma da minti bakwai, ya shiga ofishin jami'a cikin babbar riga, ya shimfiɗa wa jami'ar tantancewa, Malama Husna, takardunsa a jere.

“Malama, aikinki ya yi sauƙi yau. Ɗan gida ne a gabanki.”

Ta duba, ta koma baya, ta sake dubawa.

“Baba, takardar shekarunka ta ce 1976. Shaidar firamare kuma ta ce ka gama a 1979. Kana shekara uku ke nan.”

“Mun kasance masu hazaƙa.”

“Garin haihuwar nan fa, ba yana cikin waɗanda dam ɗin Tiga ya cinye ba? Kakata 'yar can ce. Tun 1974 aka tashe su. A cikin ruwa aka haife ka, Baba?”

A nan ya kamata a faɗi gaskiya. A 1966 aka haifi Malam Isyaku. Lokacin ɗaukar aiki ne ya yafe wa kansa shekara goma, kamar yadda na kirki da yawa suka yi, don kada ritaya ta yi masa sammako. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Malama Husna ta ce hanya biyu ce: ko ya gyara shekara, ko ɗaya daga cikin iyayensa ya rantse a kotu cewa takardar firamare ce ta yi kuskure. Ya yi lissafi a tsaye. In ya gyara, ritaya za ta riske shi wata bakwai kafin a ba shi digirin, kujerar kuwa sai dai ya gan ta a ɗuwawun wani.

Bai zame ko'ina ba sai gidan Inna Baraka, mahaifiyarsa. Ya tarar da ita tana gyaran kifi a tsakar gida. Ya durƙusa, ya gaishe ta, ya shiga bayani kan ci gaban ilimi da martabar zuri'a.

“Isyaku, taƙaita. Me ake so?”

“Inna, 'yar rantsuwa ce. Ki ce bayan tashinmu da shekara biyu kika haife ni.”

Ta ajiye wuƙa.

“In dafa Alƙur'ani? Ranar da aka tashe mu, wa ya koro mana awaki tun daga tsohon gari? Kai ne, kana tafe kana kuka, har ka yar da akuyar maƙwabciyarmu Larai a hanya. Yanzu in je gaban alƙali in ce wanda ba a haifa ba ne ya ɓatar da ita?”

“Inna, maganar digiri ake yi.”

“Digirin nan ya fi ƙarfin bakina. In mai shaida kake nema, je ka nemo akuyar. Ita ce ba ta san shekarunka ba.”

Dakta ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa. Gwiwar ta yi ƙara irin ta ɗan shekara hamsin da takwas.