Lemon Tankari da Haƙoran Manya

Jama'a, ranar Asabar na bar kayana a kasuwar Liwan, nan ƙasar Sin, ko ɗauri ban yi ba, na tafi bakin kogi a Panyu don in ga an karrama ɗan'uwa. Na dawo da ciwon kai da ɓawon lemo manne a takalmina.

Tankari maƙwabcina ne, ɗalibi, mutumin Yawuri. Mahaifinsa matuƙin kwalekwale ne, kuma tun da Tankari ya taho karatu tsohon ke masa gorin biro ya kashe masa hannu. Shi ya sa da aka shirya gasar ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska ya shiga, ya kuma zo na ɗaya. Abu guda yake so: hoto da kyautarsa a hannu, ya aika gida a daina gorin.

Masu gasar suka ce bana ba kofi, ƙarfe ba ya kyautata wa muhalli. Kyautar ita ce bishiyar lemo a tukunya, irin wadda mutanen garin nan ke ajiyewa a ƙofa lokacin sabuwar shekararsu, ta yi 'ya'ya jajur har rassa na rinjaya. Wallahi ta burge ni. Kuskurensu ɗaya: sun gayyato manyanmu na gida su miƙa ta.

Ai kun san tawagar, waɗanda suka zo nazarin tsaftar muhalli suke ta nazarinsa a shagunan takalma. Aka ɗora tukunyar a teburinsu. Mai Girma Uban Tafiya, Garkuwan Itatuwa, ya tashi jawabi kan amanar tsirrai. Yana amana, Mai Girma Mataimaki ya miƙa hannu ya tsinki ɗaya, don dai ya tabbatar da inganci. Inganci ya tabbata. Sai Mai Girma Mai Riƙe Jaka ya ce a sake tabbatarwa.

Na taɓa Ilu, abokin cinikina, na ce, "Malam, kyautar fa ake ci."

Ya ce, "Yi shiru, Alhaji. Aikin sa ido suke yi."

Kafin a kai ga tafi, an sa idon har a aljihu. Mai hoto, wani Basine, ya leƙa tukunyar ya dubi Tankari ya ce, "Meyo," wato babu. Haka aka ɗauke shi, zakaran gasa rungume da tsinke da ganye. Raina ya ɓaci, don na ga idonsa ya kawo ruwa.

Saboda haka ga shawarata kyauta ga masu gasar baɗi. A ba na ɗaya tumfafiya, wadda ko akuya sai ta yi tunani. Na biyu a ba shi ƙaya. Na so in ce dogon yaro, sai Ilu ya tuna mini cewa wanda ya ƙoshi aswaki yake nema.

Hoton dai ya bi kayan wani ɗan kasuwa ta filin jirgin saman Baiyun ya isa Yawuri. Jiya Tankari ya samu tsohon a waya, yana ta kame-kame.

Tsohon ya ce, "Na ga sanda. Ina 'ya'yan?"

"Manya ne suka zo daga gida, Baba."

Sai tsohon ya ce, "Ashe har can suka bi ka? To lallai ka ci gasar. Ba sa zuwa inda babu."

Yanzu bishiyar na kan rufin gidanmu, ta fara sabon fure. Don Allah mai karatu, in ka haɗu da tawagar, ka ce ta bushe.