An Ce A Gyara Agogon Saba, Sun Sayo Na Bango

"Wallahi ta shiga! Kowa ya ga ta shiga!"

"A allonka ta shiga, ɗan samari. A wurin hukuma ba ta shiga ba."

Mai rantsuwar Zakari ne, abokina, ɗan masunta daga Warra. Mai amsa masa Malam Wakili, wanda aka ɗora a kan cibiyar kwamfuta ta matasa da ke nan Yelwa. Jiya ke nan, a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon gem, wato ta kwamfuta, tsakanin samarin Yauri, Ngaski da Shanga. Ina tsaye bayan kujerar Zakari. Na ga ya danna, na ga raga ta motsa. Kafin ya sauko daga tsallen murna, allon ya ƙifta, ƙwallo ta koma ƙafar yaron Shanga kamar ba a yi ba. Da ita aka ci shi.

Ba wasan yara ba ne a wurinsa. Wanda ya ci gasar za a kai shi Birnin Kebbi koyon aikin kwamfuta. Baban Zakari kuwa ya gindaya masa sharaɗi: in ka ci, ka tafi, in ba ka ci ba, ga jirgi ga koma.

"Malam, sabarku ta ci ni, ba yaron ga ba!"

"Ka iya bakinka. Mi za ka hwaɗi ma saba? Watan jiya anka gyara agogo. Ɗaga kanka ka gani."

Muka ɗaga kai. Yana nan a bango, faɗinsa ya kai faifan tankaɗe, da hoton Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle a tsakiya, allurar minti tana shafa masa hanci.

Bari in koma baya, don kada ku ce baƙin ciki nake yi da ci gaba.

Mai Girma, Allah ya ƙara masa almakashi, shi ya kawo mana cibiyar. Akwai wata babbar kwamfuta a ɗakin ciki, ita ake kira saba. Duk abin da 'yan wasa suka danna, wurinta yake zuwa, ita ke yanke hukunci. Tun ranar farko take da nawa. Ka buga yanzu, ta gani an jima.

Sai aka turo mana Khaulat, mai bautar ƙasa, ta karanci kwamfuta a jami'a. Ta duba, ta yi mana bayani da Hausar da ko ni mai takardar sakandare na gane. Ta ce saba kamar mai gadi ce mai gyangyaɗi. A cikin manhajar da ke tafiyar da ita akwai wani agogo, ba a ganinsa, aikinsa ya riƙa tashinta ta duba wa ya danna me. Nata an bar shi yana tashinta sau sittin da 'yan kai a sakan. Ga mutum da yawa ne, ga gem barci ne. In mutum biyu suka danna tana cikin gyangyaɗi, sai ta farka ta gan su tare, ta ba wanda ta ga dama. A matse agogon ya riƙa zungurinta akai-akai, nawar ta ragu.

"Kuma ba a sayen komai," in ji ta.

Nan ta yi kuskure. Baƙuwa ce. Ba ta san gyaran da ba a sayen komai a cikinsa raini ne ga manya ba.

Abin da take buƙata kalmar sirrin buɗe saba kawai. Tana hannun ɗan kwangilar da ya kafa ta. An ce ya tafi Umara. Tun kafin shuka ya tafi, ga shi an girbe shinkafa. Allah ya karɓi ibada, irin wannan ɗawafi ba kowa ke samu ba.

Malam Wakili ya kai magana sama: agogon cibiya ba ya sauri. Sama ta ji. Aka naɗa kwamiti. Kwamiti ya je birni biyu duba yadda agogon wasu ke tafiya, ya dawo da ƙiba da shawara. Ranar ƙaddamar da agogon bangon da aka sayo aka kafa rumfuna, aka kira maroƙa, aka tare hanya har masu kai kifi kasuwa suka yi zagaye. Mai Girma ya ce daga yau matasanmu sun yi bankwana da makara. Taron hantsi ne. Bayan la'asar ya iso ya faɗi haka.

Khaulat ta ɗaga hannu za ta yi magana, aka ce ta matsa, tana tare mai hoto.

Jiya da na fito bayan wasan, Inna Rakiya mai suyar kifi a bakin cibiyar ta tare ni.

"Kai ɗan nan, kullum fuska a murtuke. Mi anka yi ciki?"

"Inna, ciwo na cikin kwamfuta, an rataya magani a bango."

"To, ai da sauƙi. In cikina ya murɗa sai in shafa ma garu man zafi."

"Ki yi a hankali, Inna, kada su ji su ba ki muƙami."

Ni ban ce an ci wani abu ba. Ban gani ba. Kifi dai na ganin mai jar koma, bakin magana ne ba shi da shi. Kuma a yi adalci, agogon yana aiki. Ya nuna mana daidai lokacin da aka ci Zakari.

Yau da safe na raka shi tashar motar Warra. Khaulat ma ta zo, da leda a hannu, ta kasa kallonsa. Ta ce an kira Malam Wakili daga sama, an gane matsalar: agogo ɗaya ya yi kaɗan, za a ƙaro na Ngaski da na Shanga. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Zakari bai yi dariya ba. Ya ciro hannun gem ɗinsa daga jaka, wanda maɓallansa suka goge don dannawa, ya miƙo mini.

"Riƙe. Cikin ruwa ba shi da amfani."

Yaron mota ya buga ƙofa. Zakari ya shiga, ya zauna a gefen taga, ya leƙo ya dubi Khaulat.

"Malama, in ɗan kwangilar ga ya dawo, anka ba ki kalmar, kika gyara, ana maido ma mutum ƙwallon da ya ci?"