Mangwaron Da Ya Ci Gonar Baba Altine

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsuguna ina tuge itatuwa, alhali a bayan rigata an rubuta "Mu Dasa Itace".

Lokacin na fara aikin binciken dangantakar manoma da itatuwa, aka turo ni daga Kalgo zuwa Maruda. Wani dattijo, Baba Altine, ya sauke ni a gidansa. Kullum fura da nono, ko sisi bai karɓa ba. Da zan tafi na ce bari in yi masa bajinta. Na samo dashen mangwaro, na lallaɓa gonarsa ban gaya wa kowa ba, na jera su a kan iyaka (har da hoto na ɗauka, ina murmushi).

Ashe gonar ta aro ce, ta wani Alhaji Bawa. Kuma a nan, wanda ya dasa itace a gonar aro ya ce gonar tasa ce ke nan. Abin haushin, na san wannan. Na karanta, har na ci jarrabawa a kai. Tambaya ce kawai ban yi ba.

Washegari sai ga mu gaban mai gari. Alhaji Bawa yana huci: "Altine, na ba ka aro, kai kuma ka kahe icce? Gado kaka son bar ma ɗiyanka?"

Baba Altine ya ce, "Wallahi Alhaji ban san da shi ba."

Na miƙe na ce ni ne, kyauta ce.

Mai gari ya dube ni ya ce, "To malamin daji, tahi ka hidda kyautarka."

Haka na tuge su ɗaya bayan ɗaya, rabin gari na kallo (wata tsohuwa har da yi mini sannu da aiki). Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kunyar da sauƙi. Abin da ke cina har yau, Alhaji bai sake sakin jiki ba. Ana gama girbi ya karɓe gonarsa. Da na je ba da haƙuri, Baba Altine ya ce, "Ba komi ɗana, alheri ka nuhwa," ya sa aka damo mini fura. Na kasa sha.

Yanzu ɗalibaina na tambayata wane itace ya dace da wace ƙasa. Nakan ce su fara tambayar ƙasar ta wa ce.