Kwana Uku Ina Kashewa Ina Kunnawa

Ni da kaina na karɓe kwamfutar Yaya Hadiza, da sakamakon jarrabawar ɗalibanta a ciki, na ce mata aikin minti biyar ne. Sabunta manhaja take nema, amma duk sanda na kashe na kunna, sai ta ce bai shiga ba. Kwana uku ina fama, har na sanar da gida cewa ƙwaƙwalwarta ta ƙone. Yaya ta daina amsa gaisuwata.

A kasuwar Yelwa, mai gyara ya saurari dogon bayanina, ya jona caja kawai. Ya ce, "Malam, ba ta karɓa sai tana kan wuta."

Har yau, ko buta na ɗauka, sai Inna ta ce, "Injiniya, ka dai jona ta?"