Bankwanar Da Ba A Nema Ba

Ba za ni taɓa mantawa da walimar da na shirya wa Malama Saratu ba, ko da ita ta yafe.

Ni ne shugaban wata 'yar makarantar nazire ta ƙananan yara a Isa, inda malamai ke zuwa su wuce kamar masu jiran mota. Wannan ya samu aikin gwamnati, wancan ya koma kai kaya Nijar. Duk mai shirin tafiya kuwa sai ya fara shigowa ofis neman gafara. Saratu kaɗai ta daɗe, ita kaɗai kuma ta san yaron da ba ya cin abinci sai an yi masa waƙa.

Ran nan ta yi sallama, ta durƙusa, ta ce, "Malam, in na taɓa yi maka laihi ka yahe min."

Na ce a raina shi ke nan, ita ma za ta bar mu. Ban tambaye ta komai ba (mai ilimi ai ba ya tambaya, fahimta yake yi). A ɓoye na gayyaci iyaye, na sa aka dafa shinkafa, na samo wani saurayi daga Tsamaye ya maye gurbinta.

Ranar taro na miƙe na yi jawabi mai ratsa zuciya. Yara suka fashe da kuka, wata uwa ta taya su. Sannan na gabatar da sabon malami, yana ta murmushi cikin sabuwar shadda.

Saratu ta miƙe a hankali. "Malam, korata anka yi?"

"Ba ke kika zo neman gafara ba?"

"Burkusuma za ni bikin ƙanena, in dawo Assabar. Hanyar ga yanzu wa ka hawa babur bai nemi gafara ba?"

Wani dattijo daga baya ya ce, "Hedimasta, ɗaya ta rage maka, ita ma kai ka tura ta?"

A gaban iyaye, da ludayin shinkafa a hannun mai rabo, na roƙe ta ta zauna. Ta bar ni ina zufa har sai da yara suka riƙe mata hijabi, sannan ta ce to.

Saurayin Tsamaye na ba shi ajin ƙanana don kunya. Kafin hutu ya koma sayar da waya.

Abin da na koya: na ƙware wajen sallamar malamai har na manta ana iya cewa, "Don Allah ki tsaya."