La'asar ɗin da na hango kaina a filin Jidda

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na hango kaina a cikin 'yan kallo a Jidda ba, alhali ina zaune a ɗakina a unguwar Aziziya ta Madina, daga ni sai singileti da gajeren wando.

Ni haifaffen Madina ne. Kakana ya zo daga Damagaram bai koma ba, kuma a gindin rediyonsa na koyi Hausar da nake taƙama da ita. Da na girma sai na buɗe 'yar tashata a intanet. Ranar Litinin siyasa nake yi, in tare 'yan majalisa da kwamishinonin da suka zo ziyara, in titsiye su da tambayoyi har su fara neman ruwan zamzam. Ranar wasa kuma sharhin ƙwallo, saboda masu aski da teloli da direbobinmu 'yan Sudan da Chadi, waɗanda hannunsu ke kan aiki, kunnensu ke wurina.

To ga sirrin sana'ar. Ban cika zuwa filin wasa ba. Talabijin nake kunnawa, in kashe muryarta don kada ta shiga makirfo, in toshe kiran waya, in kulle ƙofa, sannan in saki ihun 'yan kallo da na taɓa naɗowa a wayata. Sai in gyara murya: "Jama'a, ga mu kai tsaye daga filin wasa!" (Ni ɗin nan da nake kama 'yan siyasa da ƙarya duk Litinin. A ganina tawa ba ƙarya ba ce, ado ne.)

Ana nan sai wani manajan gidan rediyo daga Kano ya zo umra, ya biyo Madina ziyara, ya sauka a otal kusa da Harami. Wakili yake nema a Saudiyya. Ni kuwa tun ina yaro ba ni da burin da ya wuce a ji muryata a ƙasar Hausa, a ce jikan wane ne.

"Gobe akwai wasa a Jidda ko?" in ji shi. "Zan saurare ka daga masauki. In ka burge ni, kai ne wakilinmu."

"Ai Yallaɓai, da asuba zan kama hanya."

Nan ma ado ne.

Washegari bayan la'asar na shige ɗaki na murza makulli. Ya kamata in faɗa muku cewa kusurwar talabijin ɗina ta sama ta mutu tun ranar da 'yata Salma ta jefe ta da kofi. A wannan kusurwar ake rubuta ko wasan kai tsaye ne ko maimaici. Na daɗe ina cewa zan gyara.

Na kunna, ga 'yan wasa a fili, ƙungiyarmu da masu masaukin baƙi. Na saki ihu, na saki baki. Wallahi ban taɓa sharhi mai daɗin na ranar ba. Na yabi ciyawa, na yabi sararin sama, na ce rana ƙwal take a Jidda har gumi na keto mini. Can sai na ga wani ɗan gaba da na san an sayar da shi tun farkon kakar wasa, ga shi yana ta sheƙa gudu da tsohuwar rigarsa. Mai hankali da a nan zai dakata. Ni kuwa cewa na yi, "Majiya mai tushe ta tabbatar mini an dawo da shi a asirce." Kun ga amfanin aikin siyasa.

Sai aka fara dukan ƙofa. Matata ce, Ummu Salma, kuma ta san dokata, ba a taɓa ƙofar nan in ina kan iska. Raina ya ɓaci, amma na danne, na ce wa masu sauraro, "Kun ji gangunan magoya baya ko? Filin nan ya ɗauki zafi!"

Ɗan gaban nan ya zura ƙwallo. Na miƙe tsaye na kurma ihun da sai da taga ta amsa. Kyamara ta juya kan 'yan kallo, ta tsaya kan wani mai tumbi, rawaninsa ya karkace, ɓawon 'ya'yan kankana ya manne masa a gemu, ya ɗaga waya sama yana naɗar sauti.

"Ku ga wani bawan Allah," na ce ina dariya, "ko gemu bai goge ba, ya zo yana..."

Na san rawanin nan. Na san tumbin nan, kullum da shi nake kwana.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jama'a, ni ne!"

A makirfo na faɗa, da ƙarfi. Na tsaya ina kallon kaina ina tsalle a Jidda. Wasan bara ne, wanda shi kaɗai na taɓa zuwa da ƙafata. Ihun da ke tashi a ɗakina a lokacin ma, shi ne wanda mai tumbin nan yake naɗa a gaban idona.

Na buɗe ƙofa.

"Ya Abu Salma, haram alaik!" in ji Ummu Salma. "Mubara ɗin, wasan naka, an ɗage ta tun azahar! Maɗar ake yi a Jidda, ruwan sama har gwiwa. Wayata ta ƙi yin shiru, duk dangi tambaya suke ko lafiyarka ƙalau."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ni ce gangar magoya baya, ka manta?"

Kuma har lokacin makirfo a buɗe yake.

Bayan magariba na ja ƙafa zuwa otal ɗin, don gudu ma wata kunyar ce. A hanya wani mai aski ɗan Chadi ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Ustaz, hamdilla ala salama! Jirgin ruwa ka biyo?" Na ƙara sauri.

Na tarar da manajan yana shan shayi. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi.

"Malam, zauna. Ina kallon motoci na iyo a Jidda a talabijin, kai kana ce mini rana ƙwal. Na ɗauka Jidda biyu ce."

"Yallaɓai, kuskure ne, talabijin ɗin ce..."

"Kuskure kowa na yi. Murya kuma kana da ita, har ni sai da na yi tsalle da aka ci ƙwallon nan. Amma wakili idon mutane ne. In na ɗauke ka, gobe ka ce kana Mina, ta yaya zan san ba a ɗakinka kake ba?"

Ni da nake sa kwamishinoni gumi, na zauna ina wasa da kofin shayi kamar ɗan makarantar da aka kama da satar amsa. Aikin dai ya tafi, wani aka bai wa, kuma har yau in na ji muryar wakilin nan a rediyon Kano sai zuciyata ta yi zafi.

Tashata tana nan. Na gyara kusurwar talabijin. Yanzu da "Ga mu kai tsaye daga ɗakina a Aziziya" nake buɗe shiri, kuma abin haushin, ko mutum ɗaya bai daina saurare ba. Ashe tun farko babu wanda ya roƙe ni adon.

Makullin ƙofar ma na cire shi. In Ummu Salma ta ƙwanƙwasa, ko fenariti za a buga, tashi nake in buɗe.