Giyar da Manaja Pyo Ya Sha a Girka

Duk garin Daegu babu harshe irin na Manaja Pyo Man-seok. Shi da kansa ya faɗa, kuma ba ya ƙarya sai in ya buɗe baki. Kwana biyar ya yi a ƙasar Girka, biyu a cikinsu a jirgi, ya dawo mana masanin giyar inabi. Mu 'yan sito muka sa masa suna Harshen Zinariya. Da ya ji, sai ya yi murna.

Shekara goma sha tara ina ɗaukar katan a kamfanin nan na shigo da giya. Ban taɓa ganin ya ɗaga ko kwalba ɗaya ba, sai kofi.

Wata safiya ya tara mu, ya rufe ido.

"A wani tsibiri na sha ta. Ja-ja ce, a 'yar ƙaramar kwalba. Tana shiga maƙogwaro na ga kakannina. Ku ba za ku gane ba, ku da aka raina da soju, giyar gida mai arha."

Sunanta fa? Ya manta. Tsibirin fa? Mai fararen gidaje. Ya miƙo wayarsa: hoto ɗari uku da sha ɗaya, kowanne fuskarsa ta cika shi. A guda ɗaya kawai ake hango murfin kwalba, bayan kunnensa.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Ashe ya riga ya yi wa Shugaba Eom, mai kamfanin, alkawarin zai kawo ta walimar cikarsa shekara saba'in. Sai ya kafa doka: babu ɗan siton da zai tafi hutun Chuseok, bikinmu na kaka, sai an gano ta. Ni kuwa uwata tana ƙauye, shekararta tamanin da shida, ta riga ta sa an daka shinkafar biki.

Kwalba arba'in da biyu muka buɗe masa. Ya kaɗa kofi, ya shinshina, ya kurkure baki kamar mai ciwon haƙori.

"Wannan matsoraciya ce."

"Wannan ba ta da tarbiyya."

"Wannan ruwan wanka ne. Tawa tana mari!"

Ana saura kwana uku hutun ya aike ni da kaya gidansa. Na tarar da uwargidansa tana yanka kokwamba. Na gaji, na faɗa mata halin da muke ciki. Ta ajiye wuƙa, ta yi dariya har ta riƙe ƙugu, ta kira sunana.

"Deok-bae, ai ni na zuba masa! Yana ta koya wa masu gidan abincin yadda ake cin abincinsu, ya miƙo mini kofi ko duba ni bai yi ba. Ka san babba ba ya zuba wa kansa. Na ɗauki abin da ke kusa, da hannu biyu, cikin ladabi."

"Mene ne a kusa, Uwargida?"

Ta nuna kwalbar da ke gefen kokwambar. Ruwan kal ne, mai tsamin nan na zuba wa salak. Daga can Girka ta sayo shi.

"Ba ki faɗa masa ba?"

"Shekara talatin da aurenmu, ranar ce kaɗai ya yi shiru na minti biyar. In ɓata?"

Na juye rabi a wata kwalba na kai masa. Ya kurɓa. Idonsa ya kawo ruwa, wuyansa ya ƙage.

"Ita ce!"

Ni ba na ɓoye-ɓoye. Na ce, "Yallaɓai, ruwan kal ne. Kullum kana cinsa a gida."

Ya dube ni da tausayi. "Jaki ya san kaya, bai san abin da ke cikin buhu ba. Jeka hutunka."

Na tafi. Na ci wainar shinkafar uwata har na kasa tashi.

Sauran labarin a bakin direban kamfani na ji. Manaja ya yi jawabin minti ashirin, ya zuba wa Shugaba da hannu biyu. Ma'aikata sittin, kowa da ɗan ɗigonsa a kofi, suka kau da kai gefe bisa al'ada, suka shanye tare, babu mai ikon tofarwa a gaban babba. Shugaba Eom ya daɗe yana kallon kofinsa. Sannan ya jawo kwanon taliyarsa mai sanyi, ya juye ragowar a ciki, ya gauraya, ya ɗanɗana.

"Yauwa," in ji shi. "Dama taliyar nan ba ta ji tsami ba."

Yanzu Harshen Zinariya ne ke kula da sayayyar kayan miya na kantin ma'aikata. Ya ce ƙarin girma ne.